Sunan da Ba Wanda Ya Ɗauka

Ke Rabi, na ji abin da kika faɗa ranar sadakar arba'in ɗin babanku. Kina bakin murhu ke da ƙanwarki kuna kwashe tuwo, kin ɗauka barci nake a ɗaki. To ba barci nake ba, kuma gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan daram. Cewa kika yi:

"Baba ya ceto ƴaƴan gari kaf, nashi guda ɗaya ya bari ruwa ya tahi da shi."

Ban fito ba, don gida cike yake da baƙi, kuma in na fito ran nan da bakin nan nawa da kuka sani, da an bar zancen mamaci an koma zancena. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, ta ƙi sauka. Shi ya sa da rubutun nan da nake muku ya kawo ni wannan wuri, na ce ba zan wuce ba sai na tsaya a kan shekara guda, shekarar da yayanku yake ajin ƙarshe na kwalej, wanda ake rubuta jarrabawar birbe a ƙarshensa. Kuna ƙanana lokacin. Abin da kuka gani kun gani, amma ba duka kuka gani ba, kuma mutumin da za ku tambaya yana ƙarƙashin ƙasa.

Bari in fara da ƙungiyar, tunda ita ce kuke jin haushi. Babanku, Mushe kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, shi ne ya tara ta bayan ya aje alli, don mutumin da ya yi rayuwarsa duka a gaban allo ba ya iya zaman banza, in ya zauna sai ya dame ni da gyaran abin da bai lalace ba. Ba wata babbar ƙungiya ba ce: tsofaffin malaman lakwal, wato makarantar boko, ƴan kasuwa kaɗan, da mu mata da muka taɓa riƙe aji. Ba mai biyan mu, ba mai gode mana sai jefi-jefi. Mutanen Dogon Dutsi suka sa mana suna ƴan bin sawu, da ba'a suka fara, daga baya sunan ya bi mu. Aikinmu yaran ƙauye ne da suka ci jarrabawa aka turo su kwalej cikin gari, ba su da kowa. Mu nemo musu masauki, mu leƙa mu ga ko suna cin abinci ko aikin gida kawai ake dirka musu. In kaka ta yi, uba ya riƙe ɗansa a gona ya hana shi komawa aji, sai mazanmu su yi gayya su je su yanke masa hatsin, a ce to ga gonarka an gama, ba mu yaro. Ranar Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a gindin bedin ƙofar gidanmu, itacen nan da wasu ke ce wa darbejiya, maza a kan benci, mu mata a tabarma daga gefe.

Matsalarmu ɗaya ce a da, kullum a makare muke ji. Sai yaro ya yi wata da barin aji, ya kai Legas ko ya shige gonar albasa, sannan labari ya iso mu. Ana nan sai wani shiri ya zo ya raba wa makarantu tabilet, wannan allon gilashi mai kama da babbar salula. Kowane malami ya danna wanda ya zo da wanda bai zo ba, ya sa makin jarrabawa, ita kuma na'urar ta tattara ta shafa wa kowane yaro launi. Tsanwa lafiya lau, ɗorawa a sa ido, ja kuwa yaro yana bakin fita. Da iyayen yara suka yarda, aka ba ƙungiyarmu guda ɗaya. Kada in ji wani cikinku ya zagi abin nan. Ni da na raina shi da farko, na ce gilashi ne zai gaya mini halin ɗan mutum, na dawo na sara masa. Bai taɓa yi mana ƙarya ba, kuma a shekarar da nake ba ku labari ma gaskiya ya faɗa, kowace Lahadi, ba fashi.

Wanda ya iya sarrafa ta a cikinmu Malam Nasiru ne, mai shagon salula a bakin kasuwa. Magidanci ne mai ƙuruciya a lokacin, ga gemu, ga wando ɗangalalle, irin mutanen nan da komai ka yi sai sun tambaye ka a wane littafi ka gani. Mun sha kai ruwa rana da shi a kan sadakar uku da ta bakwai, amma mutum ne mai gaskiya, ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Shi ke riƙe tabilet ya karanto sunayen da suka yi ja, ɗaya bayan ɗaya. In ya kira suna, wanda zai bi yaron sai ya ɗaga hannu ya ce, "Nawa ne." Shi ke nan, magana ta ƙare. Wanda ya ce nawa ne, ko a ramin kura yaron yake sai ya je. Ni kaina na faɗi kalmar nan ban san iyaka ba. Na taɓa hawa amalanke har wani ƙauye bayan Dogon Kiriya saboda wata yarinya da aka tsare tana tallan awara, na tsaya a tsakar gidan ubanta na wanke shi tas, har maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Yau yarinyar ungozoma ce a gidan likita. Garin nan kowa ya san Madam ba a ja da ita a kan ɗiyar wani.

A kan ɗiyar wani na ce, ku riƙe wannan.

Kun lura tun da na fara ban kira sunan yayanku ba, kuma ba ku taɓa ji na kira ba. Ku da kuka tashi da salula a hannu kuna ganin abin kamar wasa ne ko ƙauyanci. A wurinmu ba wasa ba ne. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. In ya faɗi a gabanka ka kau da kai, wani ya ɗaga shi. Haka uwata ta yi wa yayata, haka aka yi wa babanku, don shi ma ɗan fari ne. Ga shi kuma sunan mahaifin babanku aka sa wa yaron, kunya ta zama biyu. Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba, har an fara yi mini kallon gefe, sannan Allah ya kawo shi. Ku tuna irin son da za a yi wa ɗan da aka jira haka, sannan ku tuna ba halin a nuna. Amma mutanen da suka kafa al'adar nan ba wawaye ba ne, ba su bar yaro a sake ba. In an rufe bakin uwa da uba, akwai bakin da ake buɗewa, na kaka. Da aka yaye shi kakarku Dije, uwar babanku, ta ɗauke shi zuwa garinsu Matankari. Da ya shiga kwalej ta tattaro ƴan komatsanta ta biyo shi nan, ta ce ba ta yarda da girkina ba. Shi ya sa bai taɓa ce mini Inna ba, Madam yake cewa kamar sauran yaran gari.

Tsohuwar nan ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma in an raba takardar sakamako sai ta karɓa ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce:

"Kai Maigida, bar ni da zanen nan. Na nawa ka zo? Mutum nawa ne gabanka? Ɗiyan wa ne su?"

In ya yi ƙasa ta ɗauki sandarta har ofishin diraktan makaranta, in ya yi sama ta yanka masa zabo. A ɗakinta yake karatu, tana kaɗi yana haddar darasi da ƙarfi, tana amsa masa da "awo, awo" kamar tana ganewa. Mu kuwa muna tsakar gida muna saurare, kowa ya yi kamar yana wani aiki. Duk abin da muke son sani game da shi a bakinta muke ji, duk abin da muke son a gaya masa ita muke gaya wa. Da daminar da ta gabaci shekarar nan zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana kaɗan ta cika. Muka yi kuka, muka karɓi gaisuwa, aka rufe ɗakinta. Ba wanda ya tsaya ya ce, to yanzu wa zai yi magana a kan yaron nan? Ni ban yi tunanin ba, babanku bai yi ba, dangi ba su yi ba.

Da aka koma lakwal tsanwa yake, don yana da kai. Kafin hutun farko ya koma ɗorawa. Ba a karanta ɗorawa a taro, amma in Malam Nasiru ya miƙo tabilet a zagaya da ita kowa ya gani, idona ba ya zuwa ko'ina sai layin nan. Yaron ya daina karatu da ƙarfi, ya daina karatun ma gaba ɗaya. Da safe ya ɗauki jaka ya fita, ashe tasha yake zuwa wurin ƴan kabu-kabu, wani abokinsa yana ba shi babur ya ɗan yi lodi. Ba shaye-shaye yake ba, ba sata ba, ku cire wannan a ranku. Yaro ne da wadda ke tambayarsa na nawa ka zo ta mutu, ya duba bai ga wani mai tambaya ba.

Ranar da ya yi ja, Malam Nasiru yana karatu yadda ya saba, ana ta nawa ne, nawa ne. Sai ya kira sunan, cikakke, har da na uba, a gaban uban. Wallahi ji na yi kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Na ja mayafi na rufe fuska. Wuri ya yi tsit, ba mai tari. Na leƙa ta gefen mayafi na ga babanku ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Aka jima haka, sannan ya ce a hankali:

"Wuce gaba."

Kalmomi biyun nan su ne kuka riƙe, su ne yayanku ya riƙe ya tafi da su. To ku ji abin da suke nufi a bakin mutum irin babanku. Ba cewa ya yi a bar yaron ba. Cewa ya yi, ni ba ni da bakin magana a nan, ku da kuke da shi ku yi. Jira ya yi, na gan shi yana jira, shirun nan da ya yi tsawo ba na komai ba ne sai na sauraron hannun da zai ɗaga. Da wani ya ce nawa ne, da babanku ya ci gaba da kallon takalminsa kamar bai ji ba, ya shiga gida ya yi wa mutumin addu'a har ƙarshen ransa. Ba wanda ya ɗaga. Maimakon haka, da aka tashi, Alhaji Mamman mai hatsi, abokin babanku tun suna kiwon awaki, ya ja Malam Nasiru gefe, amma da muryar da kowa zai ji:

"Kai yaro, ba a koya maka komi ba a gidanku? Ka dubi tsabar idon Mushe ka kira mishi sunan ɗan fari? Kada ka sake. Gidan malamai biyu ne, su suka san yadda za su yi da abinsu."

Daga ranar, in Malam Nasiru ya zo kan layin sai ya tsallake. Kowa ya san abin da aka tsallake. Tabilet tana zagayawa hannu zuwa hannu, jan yana nan, kowa ya gani ya miƙa wa na kusa da shi.

Shi dai Malam Nasiru bai haƙura ba. Wata ranar kasuwa ya yi sallama a ƙofar gida da hantsi, babanku ba ya nan, na fito zaure muka gaisa ta bayan labule. Ya ce:

"Madam, ki gafarce ni, ni ban iya kwana-kwana ba. Kunyar nan ba ta cikin addini. Yaron nan amana ne a wuyanku, ba a wuyan kakarshi ba. In kin ba ni izini ni in ɗauke shi."

Na ce, "Wane yaro?"

Ya ce, "Kin san wanda nike nufi."

Na ce, "Na ji. A gaida gida."

Ya ɗauka na kore shi ne. Ni kuwa a ganina na ba shi izinin da ya fi kowane izini, don ban ce a'a ba, kuma macen da aka yi wa zancen ɗanta na fari ta ce na ji, ai ta gama magana. Da tsohuwa ce irin kakarku, da ta gane tun kafin in rufe baki. Shi ɗan zamani ne, eh yake jira ko a'a. Ya tafi yana ganin an rufe masa ƙofa sau biyu, ni na koma ciki ina jiran in ji an ce ya je tasha.

Yanzu ga abin da ba ku gani ba. Babanku, mutumin da ko saƙon salula sai ke Rabi kin buɗe masa, ya sa Malam Nasiru ya koya masa buɗe tabilet, wai don ya rage masa wahala. Ya riƙa karɓo ta tana kwana a gidanmu. Sau da yawa in zan wuce da rana na kan hango shi a zaure, gilashin ido a kan hanci, ya buɗe wuri guda yana kallo, ba ya dannawa gaba ba ya komawa baya. In ya ji motsina sai ya kife ta a cinya ya tambaye ni ko an ba tumaki ruwa. Ban taɓa ce masa na gani ba. Mu biyu a gida ɗaya, ciwo ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ya kan tura babur ɗinsa wurin mai faci da ke kallon tasha, taya lafiyarta lau, ya zauna cikin ranar bazara ana duba masa ita, don kawai ya hango yaron daga nesa. Mai facin ne ya gaya mini bayan rasuwarsa, ya ce ya rasa gane tayar Mushe da ba ta da huji amma kullum tana wurinsa.

Ya kuma je Matankari wurin goggonku Hajo, ƙanwarsa, wadda ita ce ya kamata ta gaji bakin kakarku. Ya wuni a can. Da ya dawo na kawo masa ruwa, na tsaya ina jira, ya sha ya ce:

"Suna gaishe ki. Hatsinsu ya yi kyau bana."

Daga baya Hajo ta ce mini ya zauna ya yi zancen hatsi, ya yi zancen rijiya, ya tashi ya zauna, da zai hau babur ya ce mata, "Gidan nan yana son ki leƙo." Ta ce to, in ta samu sarari. Ita ma ba ta san wuta ce ke ci ba, ta ɗauka kewa ce. Iyakar abin da ya iya fitarwa ke nan, kuma na san sai da ya yi gumi kafin ya fitar.

Ni fa? Ni mai bakin da ke tsayar da kasuwa? Abinci na riƙa yi. In ɗebo nama mai kyau in tura ƙarƙashin tuwonsa, in ba ki ke Rabi ki kai masa, in ce kada ki ce ni na ce. Na wanke masa kayan lakwal na goge na aje a kan gadonsa, ko zai gane. Da hannu nake magana, shi kuwa kunne ya kasa yana jiran murya.

Abin da ban sani ba shi ne yaran kwalej duk sun san launinsu, kuma sun san yadda muke aiki. In aka je gidan wani sai ya zo yana fahariya, wai Alhaji wane ne ya ɗauke ni. Yayanku ya ga an je gidan abokinsa Bashiru an dawo da shi aji. Ya ga ubansa ya hau babur da sassafe ya nufi Dogon Kiriya don ɗan wani. Kuma labarin gindin bedi ya kai masa, don ba abin da ke ɓoyuwa a Dogon Dutsi. Saura kaɗan a rubuta birbe, wata rana da azahar ina tankaɗe a tsakar gida, kun tafi islamiyya, sai na ga inuwa a kan faifaina. Bai taɓa tsayawa a kaina haka ba. Ya ce:

"Madam, kin san ja nike?"

Na ci gaba da tankaɗe.

"Kowa ya sani. An je gidan su Bashiru, an je gidan kowa. Ni gidanmu ne ba shi da ƙofa? An ce da aka kira sunana Mushe ya ce a wuce gaba. Gaskiya ne?"

Yaran nan, maganar tana bakina. Ta taho har kan harshe, cike da baki, duk abin da na rubuta muku a sama da wanda ban rubuta ba. In ce masa ubanka yana zaune a rana saboda kai. In ce masa shekarun da na yi ina roƙon Allah kai nake roƙo. Na ɗaga kai na dube shi, sai na ga fuskar surukina, mai sunan, kunya ta danne ni kamar an aza mini turmi. Abin da ya fito shi ne:

"Ka ci abinci?"

Ya yi wata ƴar dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda ya samu amsar da yake tsoro. Ya ce ya ci. Ya juya ya fita. Washegari ya bi wata babbar mota da ta nufi arewa, can Agadas. Kayan lakwal ɗin da na goge suna nan a kan gado yadda na aje su.

Da labari ya bazu, Alhaji Mamman ya zo zaure ya zauna yana share hawaye da bakin rawani, ina ji daga ciki. Ya ce:

"Mushe, wallahi na so in ɗaga hannu ran nan. Na ce in na ɗaga kamar na ce ka kasa da gidanka. Girmanka na tsare."

Babanku ya ce, "Na sani, Mamman. Ni ma naka na tsare, shi ya sa ban aiko ba."

Kun ji yadda aka yi. Ba mugu ko ɗaya a cikin labarin nan, kowa mutuncin wani yake tsarewa, har yaron ya fita ta tsakaninmu. Lahadin da ta biyo babanku ya sauka daga shugabanci. Kafin ya sauka ya kawo doka guda, ya ce daga yau ɗan duk wani ɗan ƙungiya, tun ranar da ya shiga kwalej a ba shi mai shi, tun yana tsanwa, kada a jira ranar da za a kira suna a gaban uba. Aka amince, har yau da ita ake aiki. Ke Rabi, ai kin tuna Malam Nasiru da ya addabe ki da tambayar makinki har kika riƙa ɓuya a bayan rumbu. Kin ɗauka shisshigi ne. Dokar babanki ce, kuma da yayanku aka saye ta.

Bai ƙara komawa wurin mai faci ba. Shekarun da suka rage masa, in salula ta yi ƙara a gidan nan sai ya daina abin da yake yi ya kasa kunne, in ya ji ba yayanku ba ne ya ci gaba. In shi ne, kuka miƙa masa, sai su gaisa kamar baƙi, ina aiki, ina zafi, a kashe. Ko a ciwon ajalinsa bai kira sunan ba. Ya dai ce mini, "An gaya wa na Agadas?" Na ce an gaya masa. Ya iso bayan an rufe shi, ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwa yadda ya kamata babban ɗa ya yi, ya durƙusa ya ce Madam ya haƙuri, ya koma kan aikinsa na gyaran mota. Ba ya rasa ci, ba ya rasa sha, na gode Allah. Birbe ba ita ce Aljanna ba, ba rashinta ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau yana zaune a kan cewa an gan shi yana nutsewa an ce a wuce.

Kwanan baya kin nuna mini hoto mai motsi da matarsa ta turo. Ga shi a ƙofar gareji ya ɗora ɗiyarsa ta fari a wuya, an sa mata kayan lakwal sababbi, yana kiran sunanta da ƙarfi yana juyi da ita, mutane suna kallo. Na ce miki kai, ƴan zamani ba kunya, na miƙa miki salularki. Ƙarya na yi. Da kika fita na rufe ƙofa na yi kuka, don na ga abin da ya nema a wurina ran nan a kan faifai, ga shi abu ne mai sauƙi haka.

Ba na iya faɗa a salula, na gwada na kasa. Amma alƙalami ba ya jin nauyin kowa. Rabi, in kin gama karantawa ki ɗauki hoton shafukan nan ki tura masa, kada ki cire komai, kada ki ƙara naki. Ubansa ya tafi da tasa a ciki, ni ba zan tafi da tawa ba. Malam Nasiru ya kira suna a gindin bedi, an yi shiru, shirun ya yi tsawo da yawa. To ga hannuna na ɗaga.

Haruna. Nawa ne.